Gwadabe, Fatalwar Birnin Surandi

Godiya ta tabbata ga Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya bar ta da faɗi, ya halicci ƙafa ya sa mata ƙaiƙayi, ya halicci kunne ya sa masa kwaɗayin labari. Bayan haka, ni Barmo ɗan Tunau, mutumin Tudun Marke, zan faɗa muku abin da idona ya gani a ƙasashen bayan kogin Dilma. Wanda ya yarda na gode masa. Wanda bai yarda ba ba zan ga laifinsa ba, domin da ni aka ba wa labarin, da ni ma na musa.

Ni mutum ne mai gardama, kuma gadonta na yi wajen ubana. A majalisar garinmu ba a raba hira sai wani ya kawo zancen fatalwa, kuma kullum "in ji wani" ne. Wannan ya ce kakansa ya gani, wancan ya ce wani baƙo ne ya faɗa wa surukinsa. Ran nan abin ya ishe ni, na ce duk cikinsu ba wanda ya taɓa ganin ko jelar fatalwa. Suka ce to ni in je in gano mana, tunda bakina ya fi na kowa. Da wasa suka faɗa, ni kuwa na ɗauka da gaske. Na ɗaura buzuna, na rataya gorar ruwa, na bi duk inda aka ce akwai ginin da matattu ke zaune a ciki.

Farko na isa ƙasar Zalangu, inda ake da wata hasumiya mai kuka. Da la'asar ta yi sai ka ji kamar mata suna makoki a samanta, mutane kuwa sun zo daga nesa sun cika gindinta, masu ƙosai da masu fura suna ta ciniki. An ce wata amarya ce ta faɗo daga can ranar bikinta. Na faki ido na hau. Abin da na tarar goruna ne aka gina cikin bango, bakinsu na fuskantar iskar yamma. Da ina da hankali da na sauko na kama bakina, amma ina! Na tsaya tsakiyar jama'a na kwashe duka na faɗa. Kafin in rufe baki masu ƙosai sun yo kaina da itacen wuta. Da na ga ba hanyar gudu sai na zube ƙasa, na juya idanu, na maƙe murya na ce ni ce amaryar, na hau kan wannan baƙo ne don in gwada imaninsu. Nan take aka zubar da itace, aka ɗauke ni a kafaɗa, aka cika mini ciki da ƙosai, aka raka ni har bayan gari ana neman in sa musu albarka.

Daga nan na ratsa wani fako na gishiri inda inuwar mutum ke riga shi tafiya, sai ka hango ta can gaba ta zauna tana jiranka. Na ga fadar da ƙofofinta ke buɗe kansu, ashe birai ne aka horar. Na ga rijiyar da ke kiran sunan mutum, ashe mai masaukinka ne ke riga ka zuwa ya sanar da wani da ke ɓoye a ciki. Raina ya fara gajiya. Ina shirin juyawa gida ke nan wani mai jaki ya ce mini in ban je Gidan Masu Dawowa na birnin Surandi ba, to ban je ko'ina ba. Ya ce fatalwar can ba ta jiran duhu, da hantsi take fitowa kowa ya gan ta.

Surandi tana tsakiyar kogin Dilma ne, bisa wani tsibiri, ba a shigarta sai da kwalekwale. Wanda na shiga cike yake da masu zuwa kallo, kowa da irin labarin da ya ji. Wata tsohuwa ta ce fatalwar attajiri ce da 'yan'uwansa suka kashe. Wani saurayi ya ce a'a, matuƙin jirgi ne da ruwa ya ci, har yanzu rigarsa na ɗigar ruwa. Suka yi ta musu har muka sauka, ni dai ina jinsu ina murmushi.

Gidan babba ne, na jar ƙasa, ɗakuna jere sun kewaye tsakar gida, yawancinsu rufin ya rufta. Ta gaba an yi wata gajeriyar katanga, iya ƙirjin mutum, a nan masu kallo ke tsayawa. A bakin ƙofa wani dattijo ke zaune da sanda, sunansa Kwasau, shi ne mai tsaron gidan. Mai ba baƙi labari kuwa wata mace ce da goyo a bayanta, ana kiranta Kyauta. Ta hau wani turmi da aka kife, ta fuskanci gidan maimakon ta fuskance mu, ta ɗaga murya fiye da yadda taron ke bukata.

Ta ce wannan gidan waɗanda suka mutu a hanya ne suka ƙi kwanciya, da suna da yawa, yanzu saura ɗaya, sunansa Gwadabe, mai safarar kanwa ne a zamanin rayuwarsa. Tana cikin magana sai ga wani tsoho ya fito daga ɗakin kusurwa da tsintsiya a hannu. Mata suka kwarma ihu, saurayin nan na kwalekwale ya ɓuya bayan tsohuwa. Tsohon ya yi gyaran murya sau ɗaya, ya share ƙofar ɗakinsa, ya ɗauki kwanon tuwo da aka ajiye bisa katanga, ya zauna a inuwa ya ci. Na dube shi da kyau. Yana da inuwa, ƙuda na sauka a kansa yana kora, har ƙwarewa ya yi ya nemi ruwa. Na ce a raina, wannan in fatalwa ce to ni ma fatalwa ce.

Abin da ya hana ni tafiya ran nan shi ne ƙarshen labarin Kyauta. Ta ce, "An ce matattu na son jin labarin duniya. To ga shi. Ruwan shekaranjiya ya kayar da dangar bayan gidan 'yarsa, an gyara. Akuyar nan mai baƙin kunne ta haihu. Ƙaramin jikansa ya fara tsayawa in ya dafa bango, haƙoransa na ƙasa sun fito." Masu kallo suka soma gunaguni, wani ya ce shi jini da kisa ya zo ji, ba haihuwar akuya ba. Tsohon kuwa ya tsaya da loma a hannu har ta gama. Kashegari na koma, na sake komawa. Farkon labarin bai canza ba, ƙarshensa kuwa kullum sabo ne.

Na sami Kwasau bayan taro ya watse, na ba shi goro, na ce, "Baba, don Allah mutumin nan da ransa."

Ya ɓare goron a hankali ya ce, "Baƙo, a garinku yaya kuke yi in mutum ya yi tafiya ba labari?"

Na ce jira muke yi.

"Har yaushe?"

Sai ya ba ni labarin al'adarsu. A Surandi duk wanda zai yi doguwar tafiya, iyalinsa kan cika sabon tulu da ruwa, a liƙe bakinsa da laka, a ajiye shi a zaure. Ruwan na tsatsa ta jikin tulun a hankali. Ranar da aka girgiza aka ji wayam, an gama, sai a fasa tulun, a yi zaman makoki, a raba gado, mata su yi takaba. Ya ce a zamanin kakanni mutum kan dawo ya tarar matarsa ta haihu a wani gida, gonarsa ta zama ta ƙaninsa, sai a zare wuƙa. Jini ya zuba har dattawa suka ce wanda aka fasa wa tulu ya mutu, ko da ya dawo da ƙafarsa. Ba a korarsa, ba a dukansa, ana ba shi ɗaki a gidan nan da abinci bisa katanga, kamar yadda ake sadaka. Amma ba mai ganinsa a matsayin mutum.

Na ce, "To ai ga Kyauta tana yi masa magana kullum."

Ya ce, "Kowa na yi wa kabari magana, kabarin ne ba ya amsawa. Ranar da mai rai ya kira na ciki, na ciki ya amsa, mai ran ya ƙetare. Shi ma nan zai zauna. 'Ya'yansa kuma sun zama marayu." Ya ƙara da cewa, "Kyauta 'yar Gwadabe ce, ita kaɗai gare shi. Ni kuma tare aka yi mana kaciya da shi. Aikina in zauna nan in kasa kunne."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma in raina ya ɓaci ƙafata kan riga hankalina. Na dafa katangar na tsallaka. Kwasau ya ce, "Kai baƙo, kai!" amma ban waiwaya ba. Na tsaya ƙofar ɗakin na yi sallama. Shiru. Na sake yi. Na zauna na yi ta zuba, na ba shi labarin hasumiya da birai da ƙosai, har na kai inda na zama amarya. Sai dariya ta ƙwace masa, irin ta wanda ya daɗe bai yi ba, tana fita tana kakarewa. Ya share ido ya ce, "Wa alaikas salam. Ka kashe kanka, ɗana."

Haka na zama fatalwa ta biyu a Surandi. Kashegari taron ya ninka. Na ji da kunnena ana cewa ni ɗan sarki ne da aka binne da rai, wata kuma ta rantse ta ga ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. In na shiga kasuwa sai a dare a ba ni hanya, kowa na kallon gefe. Ban damu ba, don na lura mamaci ba a tare shi. Duk ranar da na so sai in kwance kwalekwale in ƙetare, mai shi ba shi da bakin cewa ya ga wanda ya ɗauka. Kuma da shi na fita daga baya, na ɗaure masa shi a wancan gaɓar. Kwanon tuwo bisa katanga ya zama biyu, ba wanda ya ce uffan.

Gwadabe ya ba ni labarinsa a hankali, kamar mai koyon magana. Jirginsa ne ya kife a ƙasan kogi, ƙugunsa ya karye, wasu masunta suka yi jinyarsa har ya iya takawa. Ya iso Surandi ya tarar ɓaraguzan tulunsa ba a ma kwashe daga zaure ba. Kyauta ce ta fara ganinsa, tana budurwa a lokacin. Ta buɗe baki za ta kira shi, ya juya mata baya ya miƙe zuwa gidan nan da ƙafarsa. Tun daga ranar bai bari ta ji kalma ɗaya daga bakinsa ba. Gyaran muryar nan ta hantsi ita ce duk abin da yake ba ta, don ta san ya kwana. Ita kuma ta nemi aikin ba da labari, wanda ba mai so.

Na ce, "Baba, tashi mu tafi. Da mun ƙetare kogin nan kai mai rai ne. A garinmu za a ba ka ɗaki, a gaishe ka ka amsa, ka yi musu a majalisa."

Ya ce, "Na sani. Waɗanda muke tare da su da yawa haka suka yi, kuma ban ga laifinsu ba."

"To me ka tsaya yi?"

"A garinku wa zai faɗa mini yaron ya fara tafiya?"

Na yi niyyar gardama, na duba ban sami ta inda zan kama ba. Na zauna tare da shi har damina ta yi nisa. Muna gyara rufin ɗakinsa, yana koya mini dara irin tasu, yana cinye ni yana dariya. Da hantsi mu fita a kalle mu. Ni kan yi wa masu kallo gwalo in na ga dama, shi kuwa kunnensa na wajen turmi.

Da ruwa ya yi yawa sanyi ya kama masa ƙirji. Da farko yana fita da sanda, daga baya sai na riƙe shi. Ran nan ya kasa tashi. Muna jin muryar Kyauta daga waje ta fara labari, ta kai inda yakan fito, ta tsaya. Ta koma farko ta sake ja. Ya yunƙura zai yi gyaran murya, abin da ya fito bai kai ƙofar ɗaki ba. Ya ce in yi masa. Na yi, amma ta san ba shi ba ne, domin a nan ta yanke labarin ta sauka daga turmi.

Na ga mutumin nan tafiya zai yi. Ya ce kada in kuskura in je in gaya wa Kyauta, na ce to. Da barci ya ɗauke shi da azahar na fita na nufi gidanta. Na tarar da ita tana tankaɗe, mijinta Sallau na gyaran taru, 'ya'yansu manya na wasa a ƙasa. Duk suka sunkuyar da kai kamar iska ce ta shigo. Na fuskanci bango na ce, "Bango, Gwadabe ba zai kai gobe ba. Na faɗa maka, ka yi yadda ka ga dama."

Rariya ta faɗi daga hannunta. Ta miƙe tana kwance goyo. Sallau ya ce, "Kyauta. Kyauta, dubi yaran nan."

Ta ce, "Na gan su."

"Wannan ko yaye shi ba a yi ba."

Ta miƙa masa yaron ta ce, "Riƙe shi. Ubana ne, Sallau. Shekara da shekaru ina yi masa magana kamar mai tallan fura. Yau sai na kira shi."

Na riga ta komawa da gudu. Gwadabe ya dubi fuskata ya gane. Ban taɓa ganin fushi irin nasa ba a jikin da ba ƙarfi. Ya ce, "Allah ya isa, Barmo. Gardamarka ta kai ka inda ba ruwanka." Ni kaina tsoro ya kama ni, na fara ganin yaran nan uwa tana raye suna marayu. Ya ce in tayar da shi in jingina shi da bango, in gyara masa hula. Sannan ya jawo gefen mayafinsa ya dunƙule ya cusa a baki.

Ta shigo, Kwasau na biye da ita yana dogara sanda, jama'a sun cika bakin katanga ba mai motsi. Kwasau ya ce, "'Yata, kin san abin da zan shaida in na ji."

Ta ce, "Na sani, Kawu. Ka buɗe kunnenka da kyau."

Ta durƙusa gabansa. Ta daɗe tana kallonsa, domin ba ta taɓa ganin furfurarsa kusa haka ba. Ta ce, "Baba."

Bai amsa ba.

"Baba, ni ce. Kyauta ce." Ta kama hannunsa, ya bar mata, har ya damƙe nata. "Ka amsa mini sau ɗaya. Na yarda, na zauna nan, wallahi na yarda. Baba!"

Na ga muƙamuƙinsa na rawa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, hawaye na bin gemunsa suna shiga mayafin. Idonsa bai bar fuskarta ba ko kaɗan. Ta yi kuka, ta yi masa faɗa, ta ce tun tana yarinya haka yake, in ya kafe ba mai tanƙwara shi. Ta kai hannu za ta cire mayafin, ya kau da kai. Daga baya ta gaji, ta kwantar da goshinta a gwiwarsa, ya ɗora mata hannu a ka. Ta ce a hankali, "Yaron ya taka jiya, Baba. Daga turmi zuwa ƙofa. Da sunanka muke kiransa a cikin ɗaki."

Suka daɗe a haka. Sannan Kwasau ya share fuskarsa da hannun riga, ya fita tsakar gida, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Ta kira, bai amsa ba. Mai rai ce." Ya dawo ya kama kafaɗarta ya ce, "Tashi, 'yata, yaro na kuka." Ta tashi. A bakin ƙofa ta waiwaya, ya ɗaga mata hannu alamar ta tafi.

Muka ji takunta ya ratsa tsakar gida, muka ji ƙarar ƙyaure, hayaniyar jama'a ta bi ta tana raguwa. Sai ya zaro mayafin daga baki. Ya jiƙe da jini, ya ciji harshensa ta cikin ƙyallen.

Ya ce, "Leƙa. Ta wuce katanga?"

Na leƙa na ce ta wuce.

"Ta sha kwanar masu rini?"

Na sake leƙawa, na jira har ta ɓace, na ce ta sha, ko an yi ihu a nan ba za ta ji ba.

Ya gyara zama, ya fuskanci ƙofar da ba kowa a cikinta, ya yi gyaran murya. Ya ce, "Na'am, Kyauta. Na'am, 'yata. Ina jin ki."

Kafin la'asar sakaliya ya cika. Wanda aka riga aka yi wa makoki ba a yi masa na biyu a Surandi, don haka ni na wanke shi, na haƙa masa a tsakar gidan, na sallace shi ni kaɗai. Allah ya jiƙan Gwadabe mai kanwa, ya sada shi da masu amsa masa. A nan wannan labari ya tsaya, abin da na rage kuwa mantuwa ce ta ɗan Adam.